Gwajin Na'urar Kariya Mai Bambance Alkiblar Wuta a Layukan Lantarki

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka ɗauke wuta a unguwa, abin da ake ji a bakin jama'a shi ne "sun ɗauke", kamar dai akwai wani mutum zaune a ofis da ya miƙa hannu ya kashe. Sau da dama kuwa wata 'yar na'ura ce da ke cikin ɗakin sarrafawa na tashar rarraba wuta ta ga lahani a kan layi, ta kuma umarci bireka da ta yanke shi kafin mutum ya ƙifta ido. Ma'aikatan lantarki suna kiran wannan na'ura rile. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake gwada iri guda daga cikin waɗannan na'urori, wato wadda ke lura da wuce-kimar wuta tare da bambance alkiblar da wutar ta nufa. A zanen injiniyoyi lamba 67 ake sa mata, bisa tsarin lambobi na ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka, wanda a cikinsa 50 da 51 ke nufin 'yan uwanta marasa duba alkibla, 52 kuma ke nufin bireka.

Tun da kalmar "wuta" ita kaɗai ba za ta iya ɗaukar nauyin bayanin ba, ya zama dole a tsayar da wasu kalmomi tun daga farko. A nan "kwarara" na nufin yawan wutar da ke bi ta cikin waya, wadda ake aunawa da amfiya. "Matsi" na nufin ƙarfin da ke tura ta, wanda ake aunawa da bolt. "Fes" kuwa kalma ce da ta riga ta zauna a bakin Hausawan birni, domin ba wanda bai taɓa jin an ce fes ɗaya ya ɗauke ba. Fes uku ne a layi, kuma za a kira su da launukan da aka saba gani a tashoshinmu: ja, rawaya da shuɗi.

2.0 Dalilin Duba Alkibla

Idan layi yana da tushe guda ne, ya taso daga tasha ya ƙare a ƙauye, to, babu wata wahala. Wuta hanya ɗaya take bi, kuma duk na'urar da ta ga kwarara ta wuce kima ta san lahanin yana gabanta. Matsalar tana tasowa ne inda wuta ke iya isa wuri guda ta hanyoyi biyu.

A ɗauki misalin gari da ake kai wa wuta ta tagwayen layuka masu matsin bolt 33,000, waɗanda suka taso daga tashar tushe suka sauka a tashar gari. An yi su biyu ne domin idan ɗaya ya sami matsala ɗayan ya riƙe garin. To, a ce reshen bishiya ya faɗo wa layi na farko ya haɗe wayoyinsa. Wuta za ta ruga zuwa wurin lahanin kai tsaye daga tashar tushe. Har ila yau za ta bi layi na biyu mai lafiya, ta shiga tashar gari, ta juyo ta bi layi na farko da baya har ta iske lahanin. Ke nan na'urorin nan biyu da ke tashar gari, ta layi mai lafiya da ta layi mai lahani, kwarara iri ɗaya suke gani, ba ragi ba ƙari. In yawan kwarara kaɗai suke dubawa, tare za su yanke, gari ya faɗa duhu, kuɗin da aka kashe wajen gina layi na biyu ya tashi a banza. Abin da ya raba su shi ne ɗaya tana ganin wuta na shigowa tasha, ɗayar kuma tana ganin wuta na fita daga tasha zuwa cikin layi. Ta biyun ce ya kamata ta yanke, ta farkon kuwa ta kame.

Haka lamarin yake a layin da aka yi wa tsarin zobe, da inda taransifoma biyu ke aiki kafaɗa da kafaɗa. A 'yan shekarun nan kuma an ƙara samun wani dalili, domin masana'antu masu injinan wutarsu da gonakin hasken rana suna iya mayar da wuta cikin layin da a da hanya ɗaya kawai ya sani.

3.0 Ma'anar Alkibla a Wuta Mai Kai-da-Komo

Mai karatu zai iya yin tambaya a nan, kuma tambayar tana bisa hanya. Wutar da muke amfani da ita a Nijeriya kai-da-komo take yi sau 50 a kowane sakan. Abin da ke zuwa yana dawowa haka, ina ya ga alkibla?

Amsar tana cikin dangantakar kwarara da matsi, kuma lugude zai taimaka wajen fahimtarta. Mata biyu suna daka, kowace taɓaryarta na hawa tana sauka da sauri iri ɗaya. Wanda ya zuba wa taɓarya ɗaya ido ba abin da zai ce illa tana hawa tana sauka. Amma wanda ya dubi biyun zai iya cewa tare suke sauka, ko ɗaya na ɗan bin bayan ɗaya, ko kuwa ɗaya na sauka daidai lokacin da ɗayar ke hawa. Matsi da kwarara su ne taɓaren nan biyu. Injiniyoyi sun raba zagaye guda na hawa da sauka zuwa digiri 360, wanda a wutarmu yake ɗaukar kashi ɗaya cikin hamsin na sakan. Idan kwarara tana tafiya kusan tare da matsi, wuta gaba ta nufa. Idan suka yi hannun riga, wato tsakaninsu ya kai wajen digiri 180, to, baya ta nufa. Saboda haka na'ura mai duba alkibla ba ta wadatuwa da kwarara, sai an kawo mata matsi ya zame mata ma'auni.

Sai dai kuma akwai wani cikas. A lokacin lahani, matsin fes ɗin da abin ya shafa yakan zube, wani lokaci har ya kusa ɓacewa, ga shi kuwa a daidai lokacin ne ake bukatarsa. Dabarar da aka daɗe da samowa ita ce a auna kwararar jan fes da matsin da ke tsakanin rawaya da shuɗi, ta rawaya da na tsakanin shuɗi da ja, ta shuɗi kuma da na tsakanin ja da rawaya. Ana kiran wannan haɗin digiri 90, saboda tazarar da ke tsakanin matsin aron da matsin fes ɗin kansa. Bugu da ƙari, kwararar lahani ba ta tafiya daidai da matsi, baya take ja ƙwarai saboda ɗabi'ar layi da taransifoma. Don haka akan karkata ma'aunin da digiri 30 ko 45. In an zaɓi 45, na'urar ta fi jin kwararar da ta bi bayan matsinta da digiri 45, kuma yankin aikinta ya kama daga kwarara mai gabatar matsi da digiri 45 har zuwa mai bin bayansa da digiri 135. In an zaɓi 30, tsakiyar yankin tana komawa digiri 60 a baya, iyakokin kuma su zama 30 a gaba da 150 a baya. Wannan rabin da'ira shi ne "gaba", ɗaya rabin kuma shi ne "baya", kuma kusan dukkan gwajin da za a bayyana ƙoƙari ne na tabbatar da cewa ba a juya su ba.

4.0 Matakan Gwaji

4.1 Taransifomomin Awo

Na'urar kariya ba ta taɓa babban layi. Ƙananan taransifomomin awo ne ke rage mata kwarara zuwa amfiya 1 ko 5, su kuma rage matsi zuwa bolt 110 tsakanin fes da fes, wato bolt 63.5 tsakanin fes da ƙasa. Abin da suka faɗa mata shi ta sani. Taransifomar awon kwarara tana da kai da gindi: a ɓangaren babban layi an rubuta P1 da P2, a ɓangaren na'ura kuma S1 da S2. Idan mai haɗa waya ya musanya S1 da S2, yawan kwarara ba zai canja ba ko kaɗan, mita za ta nuna daidai, amma kusurwa ta juya da digiri 180. Na'urar za ta ɗauki gaba a matsayin baya, ta kame ranar da ya kamata ta yanke, ta yanke ranar da ya kamata ta kame. Abin tsoron shi ne irin wannan kuskure yana iya kwanciya shekaru ba wanda ya sani, sai ranar da lahani ya auku.

Gwajin da ake yi a nan tsoho ne, ba ya kuma bukatar kayan tsada. Akan kashe layi, a ɗaure shi da ƙasa, a samo ƙaramin batir da mita mai allura a tsakiya. A haɗa mitar da S1 da S2, sannan a ɗan taɓa kan batir ga P1 alhali gindinsa na haɗe da P2. In haɗin daidai ne, allura za ta zabura dama lokacin taɓawa, ta zabura hagu lokacin saki. Daga nan sai a tura kwarara ta ainihi ta cikin babban ɓangaren, a ga ko abin da ya fito ya dace da rabon da aka rubuta, alal misali 400 zuwa 1. Haka kuma akan duba jerin fes-fes na matsi, a tabbata ja na gaba, rawaya na biye, shuɗi na ƙarshe. Akwai doka guda da ba a sassauta ta: ba a buɗe wayoyin S1 da S2 alhali layi na ɗauke da wuta, domin matsi mai kisa yana tasowa a bakinsu. Kullum sai an gama su da juna kafin a raba su da na'ura.

4.2 Allurar Wuta ga Na'urar Kanta

Mataki na biyu shi ne a yaudari na'urar. Akan raba ta da taransifomomin awo ta wurin mahaɗar gwaji da ke jikin allonta, a cire wayar da ke kai umarni ga bireka don kada a ɗauke wa mutane wuta a banza, sannan a jona mata injin gwaji mai iya samar da matsi uku da kwarara uku, kowanne da girman da kusurwar da aka ga dama. Kamfanoni irin su Omicron da Doble da Megger sun yi suna wajen ƙera irin waɗannan injina. A zamanin na'urori masu faifai mai juyawa, da taransifoma mai juya kusurwa da agogon awo ake wannan aiki, ana murɗawa da hannu ana kallon faifai.

A ci gaba da misalin tagwayen layukan nan. A ce cikakken lodin kowane layi amfiya 400 ne, rabon taransifomar awo kuma 400 zuwa 1. Al'adar da aka saba ita ce a saita na'urar da ke tashar gari a rabin cikakken lodi, wato amfiya 200 a layi ko 0.5 a bakin na'ura, da ma'aunin lokaci na 0.1. Ana iya saita ta ƙasa da lodi haka ne saboda lodin yau da kullum ta bayanta yake zuwa, ba ruwanta da shi.

Da farko akan nemi matakin farkawa. A ba ta matsi uku masu lafiya, bolt 63.5 kowanne da tazarar digiri 120 a tsakaninsu, a ajiye kwararar jan fes a tsakiyar yankin aiki, wato digiri 45 a bayan matsinta, sannan a riƙa ƙara ta sannu a hankali har na'ura ta farka. Ya kamata hakan ya faru dab da amfiya 0.5, cikin iyakar kuskuren da maƙerinta ya ƙayyade. Sai a riƙa ragewa har ta koma ta kwanta, a rubuta wannan ma. Na'urar da ta farka amma ta ƙi kwanciya da wuri tana iya yanke layi bayan wata ta riga ta kawar da lahanin.

Na biyu shi ne lokaci. Irin wannan na'ura ba ta yankewa nan take. Gwargwadon yawan kwarara, gwargwadon gaggawarta, bisa ƙa'idar lissafi da ke cikin ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60255. A bisa lanƙwasar da aka fi amfani da ita, in ma'aunin lokaci 1 ne, kwarara ninki biyu na saiti tana ɗaukar kimanin sakan 10, ninki biyar sakan 4.3, ninki goma kuma sakan 3. Tun da namu ma'aunin 0.1 ne, abin da ake sa ran gani shi ne sakan 1.0 a amfiya 1, da 0.43 a amfiya 2.5, da 0.30 a amfiya 5. Awo a wuri guda bai isa ba, domin lanƙwasa biyu mabambanta suna iya haɗuwa a ɗigo ɗaya. Waɗannan 'yan ɓurɓushin sakan suna da muhimmanci, saboda tazarar da ake bari tsakanin na'ura da wadda ke tsaye mata a baya ba ta wuce sakan 0.3 zuwa 0.4 ba. In ta gaba ta yi nawa, ta baya za ta riga ta, a ɗauke wa yanki mai faɗi wuta saboda lahanin layi guda.

Na uku, wanda shi ne zuciyar aikin, shi ne zagaya da'ira. A tsayar da kwarara a ninki biyu na saiti, a bar matsi yadda yake, a riƙa juya kusurwar kwarara kaɗan-kaɗan. Za a ga na'ura tana farke har a iso kusa da digiri 45 a gaba, sai ta saki. A juya ɗaya ɓangaren, ta saki kusa da digiri 135 a baya. Tsakiyar waɗannan iyakoki biyu ita ce kusurwar da na'urar ke aiki da ita a zahiri, kuma dole ta dace da abin da aka saita. Wasu na'urorin zamani sukan ɗan tsuke yankin da 'yan digiri a kowane gefe da gangan, saboda haka a duba littafin maƙeri kafin a yanke hukunci cewa ta lalace. Bayan haka sai a kai kwarara tsakiyar yankin baya, a ɗaga ta ninki goma ko fiye, a jira. Shirun na'ura a nan shi ne cin jarrabawa. A ganina wannan ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin mai gwaji yakan ji daɗin ganin fitila ta kama, ya manta cewa rabin aikin wannan na'ura ƙin yankewa ne. Duk abin da aka yi wa ja kuma sai an maimaita shi ga rawaya da shuɗi.

4.3 Zubar Wuta Ƙasa da Ɓacewar Matsi

Lahanin da ya fi yawa a layukan sama shi ne fes ɗaya ya taɓa ƙasa. Sashen da ke lura da shi, mai lamba 67N, jimillar kwarara uku yake aunawa da jimillar matsi uku, waɗanda a lokacin lafiya kowace jimilla sifiri ce. Don haka ba a gwada shi da matsi masu lafiya. Sai an rage matsin fes ɗaya, an kwaikwayi lahani. Kusurwarsa ta danganta da yadda aka ɗaure tsakiyar taransifoma da ƙasa: sifiri in ta hanyar abin rage kwarara ne, digiri 45 ko 60 a baya in kai tsaye ne. A nan ma alamar ƙari da ragi takan rikita mutane, domin maƙera ba su haɗu a kan hanya guda ta rubuta ta ba.

Saura lahani mai haɗe fes uku a bakin tasha, inda dukkan matsi ke zubewa, ba wanda za a ara. Na'urorin zamani masu kwamfuta a ciki suna tuna matsin da ya gabaci lahani na ɗan lokaci su yi aiki da shi. Ana gwada wannan ne ta ba su matsi mai lafiya na 'yan sakan, sannan a zubar da shi farat ɗaya tare da ɗaga kwarara, sau ɗaya ta gaba, sau ɗaya ta baya. Akan kuma cire fis ɗin taransifomar awon matsi a ga abin da na'ura za ta yi: ko ta kame ta yi ƙararrawa, ko ta koma marar duba alkibla, gwargwadon abin da aka tsara mata.

4.4 Gwaji da Lodin Gaske

Duk abin da ya gabata, ɓangare-ɓangare aka gwada. Taransifomar awo tana iya cin jarrabawarta, na'ura ta ci tata, amma wayar da ke tsakaninsu ta kasance a juye. Abin da ke kama wannan shi ne gwajin ƙarshe, bayan an mayar da komai an kunna layi ya ɗauki isasshen lodi. Mai gwaji yana bukatar sanin inda wuta ta nufa daga wata majiya dabam, kamar mitocin ɗaya tashar, sannan ya karanta kusurwar da na'ura ke gani. A tashar tushe lodi zai bayyana a gaba. A tashar gari kuwa, tun da na'urar cikin layi take fuskanta, lodin lafiya dole ya bayyana a baya.

Na taɓa tsayawa a bayan wasu injiniyoyi biyu suna wannan gwaji a wata tasha da ke kusa da inda nake aiki. Ja da rawaya suka nuna baya kamar yadda ake so, shuɗi ya nuna gaba. Babban cikinsu bai ce uffan ba, ya sa aka sake kashe layin, aka bi waya ɗaya bayan ɗaya har akwatin da ke gindin taransifomar awo a fili, inda aka iske S1 da S2 na shuɗin fes a musanye. Takardun gwajin kwana biyu da suka wuce duk sun nuna lafiya, kuma ba ƙarya suka yi ba, domin ba wanda ya bi ta wannan akwati a cikinsu. Da saitin rabin lodi da ke kan na'urar, da yamma ta yi lodi ya hau, da ita da kanta za ta yanke layi mai lafiya.

Daga ƙarshe akan mayar da wayar umarni, a sa na'ura ta buɗe birekar da gaske sau ɗaya, domin batirin tasha da wayar da birekar kanta duk suna cikin sarƙar.

5.0 Maimaita Gwaji

Gwajin ranar ƙaddamarwa ba ya wadatarwa har abada. Na'urori masu faifai suna tara ƙura, maganaɗisunsu na raunana, leɓunansu na tsatsa, don haka akan sake gwada su a kai a kai. Na zamani, waɗanda suka fara yaɗuwa daga shekarun 1980, suna binciken kansu, amma ba su iya sanin cewa an canja taransifomar awo, ko an ƙara sabon layi, ko lodi ya ninka. Duk aikin da ya taɓa wayoyin awo yana wajabta sake gwajin lodi, duk canjin tsarin layuka kuma yana wajabta sake lissafin saiti. A ranar 9 ga Nuwamba, 1965, wata na'urar kariya a tashar Sir Adam Beck da ke lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ta yanke layi mai lafiya, saboda lodi ya girma ya kai saitin da aka yi mata tun da daɗewa ba a sake dubawa ba. Sauran layukan suka bi sahu cikin 'yan sakan, mutane kimanin miliyan 30 a Kanada da arewa maso gabashin Amurka suka rasa wuta, wasu har tsawon sa'o'i 13.